Kashe-Wuta da Fitilar Sista Kaka

Mijina mutum ne da ba ya iya wuce makunnin lantarki bai taɓa shi ba. Ko baƙunta muka je, idan ya hango ƙwan fitila yana ci da rana tsaka a barandar mutane, ana gaisawa idonsa yana can. Jim kaɗan sai ya ce bari ya kewaya, kafin ya dawo fitilar ta mutu. Na ji kunya har na gaji na daina. A gidanmu kuwa yara sun iya neman takalmi da lalube tun kafin su iya karatu. Akwai ranar da nake zaune da magariba ina ɗinke masa maɓallin riga, ya shigo da sallama, ya kashe fitila, ya wuce ciki ya bar ni da allura a hannu. Da na yi magana sai ya ce shi bai ma san ya yi ba, hannun ne ya saba.

Kada a ɗauki alhakinsa a ce rowa ce. Tsoron gobara ne. Shekaru ya yi yana gadi a wani siton katifa, inda ko ashana aka samu a aljihun ma'aikaci to ya sallami kansa. Wata rana siton da ke jikin nasu ya kama daga guntun taba, yana tsaye yana kallo rufin kwano ya naɗe kamar tabarma. Tun daga ranar, duk abin da ke ci maƙiyi ne a wurinsa, jira kawai yake a juya masa baya. Da aka rufe nasu siton ya dawo gida ya zauna, ni na ɗanɗana kuɗata, don sau da yawa sai na dawo daga shanya na tarar ya kashe min risho abinci bai nuna ba. Saboda haka ranar da aka ce wata makarantar sakandare ta Katolika tana neman mai kula da harabarta, ni na goge masa riga, ni na raka shi har bakin titi.

Makarantar tana can ƙarshen unguwa, inda motar haya take sauke sauran fasinja ta juya. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, ciki akwai jerin azuzuwa, ɗakunan kwanan ɗalibai, filin ƙwallo da rabinsa ƙura ce, gidan Sistoci a bayan shingen furanni, sai ɗan ƙaramin coci a tsakiyar itatuwa. Shugabar makarantar Sista ce doguwa mai saurin tafiya, wadda ba ta maimaita magana. Ya ba ni labari cewa tana cikin yi masa tambayoyi a ofis, hasken rana ya cika ɗaki, hannun nan nasa ya miƙe ya kashe fitilar da ke kan teburinta. Ta kalli fitilar, ta kalle shi, ta ce ya fara aiki gobe. Amma ta ce gwaji ne, sai ƙarshen zangon karatu za ta yanke ko ya zauna ko ya tafi.

Aka ba mu ɗaki biyu a bayan kicin, aka sa yaranmu manya a aji, ni kuma aka ba ni wanki da gugar gidan Sistoci. Na daɗe ban ga Baban yara yana tafiya da kafaɗa a miƙe ba sai da aka rataya masa tarin makullan nan a ƙugu. Da yamma idan an tashi, sai ya fara zagaye daga ajin farko: fanka, fitila, taga, ƙofa. Fanka, fitila, taga, ƙofa. Ya taɓa rufe wa wani yaro famfo fuskarsa cike da sabulu, don a ganinsa ruwan ya yi yawa. Ya taɓa kashe wa malamin lissafi fanka yana tsaka da duba jarrabawa, da malamin ya ɗago sai ya ce masa, "Yi haƙuri, Malam, na ga ba ka motsi." Mako bai zagayo ba ɗalibai suka raɗa masa Kashe-Wuta. Ya yi fushi kwana biyu, daga baya har amsawa yake da fara'a.

Mu Musulmi ne, kuma kafin zuwanmu nan daga ni har shi babu wanda ya taɓa leƙa coci. Amma rufe cocin yana cikin aikinsa, shi ne ma na ƙarshe a zagayen. Takalminsa yake cirewa a bakin ƙofa, ko da yake an gaya masa ba sai ya cire ba. Ya ce ɗakin ibadar mutane ne, shi ba zai taka da ƙurar filin ƙwallo ba. Yakan shiga kansa a sunkuye, ya yi abin da ya kai shi, ya fito ya kulle.

Mai kula da cikin cocin wata tsohuwa ce da kowa ke kira Sista Kaka, saboda ita ta koyar da iyayen rabin ɗaliban, har da ita Shugabar kanta. 'Yar ƙarama ce, ta ɗan ranƙwafa, da alewa a aljihu ɗaya da faɗa a ɗayan. Tun da ta ajiye alli, furannin coci da kyandirori da fararen ƙyallayen bagadi, wato teburin ibadarsu, suka koma hannunta. Ƙyallayen nan ba ta yarda na goge mata su ba. Da kanta take zuwa ɗakin guga, ta hau wani guntun katako don teburin ya fi ta tsawo, tana guga tana gyara min riƙon dutse, ni da na girma da dutsen guga a hannu. Da farko haushinta nake ji. Daga baya idan ba ta zo ba sai na ji ɗakin ya yi min faɗi. Tana kirana 'yata, kuma duk gulmar makarantar daga bakinta nake ji, tana gamawa ta ce Allah ya yafe mana.

Ana saura kaɗan a yi hutu ta shigo wata safiya ba da ƙyallayen bagadi ba, da 'yan kayanta na sawa a ƙunshe. Ba ta hau katakonta ba. Ta zauna a kan kwandon wanki.

"'Yata, wanke min waɗannan, ki ninke su ƙanana. Akwati za su shiga."

"Tafiya za ki yi, Sista?"

"Tafiya za a yi da ni."

Ashe akwai wani gida a wani gari mai nisa inda ake kai Sistocin da tsufa ya ci ƙarfinsu. Ta ce gida ne mai kyau, akwai masu jinya, akwai lambu, ba ta da abin kushewa. Sai dai ita a nan ta zo da ƙuruciyarta, itatuwan da ke kewaye da cocin da hannunta ta dasa su suna tsawon cokali, kuma a can babu wanda za ta ja wa kunne ta ce ta san ubansa da majina a hanci. An riga an yi magana da masu gidan. Ranar da aka yi hutu mota za ta zo.

Na tambaye ta laifin me ta yi. Ta ce ba laifi ba ne, fitila ce. A gefen bagadi, a kan wani ɗan katako a jikin bango, akwai 'yar fitila mai jan gilashi da ba ta fi kofin shayi ba, ta mai da lagwani. A addininsu wannan fitilar ba ta mutuwa, dare da rana, ko akwai mutum a ciki ko babu. Tana nuna cewa Mai gidan, wato Ubangiji, yana nan. Shekara da shekaru ita ke zuba mata mai da la'asar, ba ta taɓa mutuwa a hannunta ba. Amma tun farkon zangon nan, kullum da safe idan suka shiga addu'a sai su tarar da ita a mace, ta yi sanyi. Ta sake mai, ta sake lagwani, ta sake gilashin ma. Shugaba ta sa an duba tagogi ko iska ce. Da komai ya ƙare, sai aka fara kallonta. Aka tuna ranar da ta yi ta neman tabarau yana kan goshinta, aka tuna ranar da ta kira Fada, limamin cocin, da sunan wanda ya gada.

"Ni dai ina tuna hannuna yana zuba man," in ji ta. "Ina tuna na bar ta tana ci. Amma sun ce idan kai ya fara tafiya, haka yake nuna wa mutum abin da bai yi ba kamar ya yi. Tafiyar ba ita ta fi damuna ba, 'yata. Na daina yarda da kaina, shi ne ciwon."

Na ji tausayinta har na ƙona gefen mayafin Shugaba, kuma ban yi nadama sosai ba.

Na san ku da kuke karanta wannan tuni kun gane. To ni da nake kwana ɗaki ɗaya da mutumin ban gane ba, Shugaba da duk karatunta ba ta gane ba, Fada bai gane ba. Su a wurinsu, tunanin cewa wani mai hankali zai sa baki ya hure fitilar nan bai ma da ƙofar shiga kai. Ni kuwa tausayi ya toshe min basira.

Bayan magariba ya dawo daga zagaye, ya rataye makullai a ƙusa, ya zauna cin abinci. Na ba shi labari cewa za a ɗauke Sista Kaka saboda mantuwa. Ya ajiye cokali ya girgiza kai.

"Allah sarki. Ashe sun gane. Ni kuwa na yi iya ƙoƙarina na rufa mata asiri."

"Wane asiri, Baban yara?"

"Ke dai bari. Baiwar Allah nan kullum sai ta manta da wata 'yar fitila a kunne a cikin cocin. Wuta tsirara, ga labule kusa, ga bencuna duk katako, ba kowa a ciki har safe. Tun ranar da na fara aiki nake bin bayanta ina kashewa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ke. Tsohuwa ce, ba ta cancanci tonon silili ba."

Yana faɗa yana ɗan murmushin mutumin da ya yi aikin lada a ɓoye. Na daɗe ina kallonsa. Na auri mutumin nan da sanina, ba wanda ya yi min dole, abin da na fara tunawa ke nan.

"Jar fitila?" na ce.

"Ita."

"Da Shugaba ta tambaye ka zancen tagogi fa?"

"Na ce ina rufewa. Ai ina rufewa."

Na zayyana masa komai yadda Sista ta gaya min. Ina magana ina ganin murmushin yana zamewa daga fuskarsa, har ya rasa inda zai sa hannunsa. Da na kai wurin da ta ce ta daina yarda da kanta, sai ya ture kwanon gefe. Ban taɓa ganin ya bar abinci ba, ko ranar da aka rufe sito sai da ya suɗe kwano.

Ni mace ce mai duba gaba. Na tuna masa cewa shi ma gwajinsa ranar hutun zai ƙare, ga ɗaki biyun nan, ga yara sun fara sabawa da aji. Mutum ya yi zango guda yana kashe wa masu gida abin da suka fi girmamawa, me yake jira in ba sallama ba? Na ce abu mai sauƙi ne, daga gobe ya ɗauke bakinsa daga fitilar mutane. Za su ga ta daina mutuwa, a ce Sista ta warware, kowa ya huta.

Ya kalli makullan a jikin ƙusa.

"In na yi haka," ya ce, "su za su ce ta warware. Ita kuma za ta ci gaba da zaton ta taɓa yin ciwon. Kullum za ta kwanta tana jiran ya dawo. Kuma wa ya ce miki za su fasa motar?"

"To aikin fa?"

"Goge min farar rigar nan."

Na goge, ina gogewa ina mita, yana ji ya yi kamar ba da shi ake ba. Amma sitacin da na sa mata ko rigar Fada ba ta taɓa samun irinsa ba.

Da safe bayan ɗalibai sun shiga aji ya nufi ofis, rigar tana ƙara saboda sitaci. Na ɗauki mayafan Shugaba da na ninke, har da mai ƙunar a can ƙasa, na bi bayansa kamar aiki ne ya kai ni. Muka tarar da Sista Kaka a ciki, a zaune a bakin kujera, ana maganar abin da za ta ɗauka da abin da za ta bari. Ya yi gaisuwa, ya kwance makullan daga ƙugu, ya ajiye su a kan tebur a hankali.

"Ranki ya daɗe, na zo da magana. Fitilar nan ta coci ba mutuwa take yi ba. Ni nake kashe ta."

Daga nesa muna jin muryar wani malami yana karanto wa yara darasi. Shugaba ta cire tabarau. Sista Kaka ta juyo da dukan jikinta, don wuyanta ba ya juyawa shi kaɗai.

"Kai kake kashe ta?"

"Ni ne, Sista."

"Kullum?"

"Kullum. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ma sai da na lallaɓa na je."

"Da me?"

"Da baki."

"To don me, ɗan nan?"

Ya share gumi. "Na ɗauka mantawa kike yi. Na ce kada a gane a yi miki faɗa."

Sista Kaka ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne har na matsa, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti sai hawaye. Ta riƙe gefen tebur, ta nuna shi da yatsa. Da ta samu numfashi ta dubi Shugaba ta ce, "Kin ji ko? Rufa min asiri yake yi. Saura kaɗan ya rufa min shi har wani gari." Daga nan dariyar ta juye ta zama kukan gaske, ta ɗora hannu biyu a kanta tana shafawa kamar mai gaishe da wanda ya dawo daga tafiya. "Ashe kana nan," take cewa. "Ashe kana nan ban sani ba."

Shugaba ba muguwa ba ce, kada na bar ku da wannan zaton. Ta zagayo daga bayan tebur, doguwar mace haka, ta durƙusa a gaban tsohuwar ta riƙe hannunta ta nemi gafara. Sista Kaka ta ja mata kunne kaɗan, ta ce tun tana aji ɗaya take da gaggawar rubuta amsa kafin ta gama karanta tambaya. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa da mayafai, ina kuka ina addu'ar kada a buɗe na ƙasan yanzu.

Shi kuwa yana tsaye ƙiƙam yana jiran hukunci. Shugaba ta miƙe, ta koma mazauninta, ta daɗe tana kallon makullan. Ta ce laifin nata ne da ba ta zagaya da shi ta nuna masa abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa ba. Ta ce wanda zai ajiye makullansa don tsohuwa, shi take so ya riƙe su. Ta tura masa su da bayan biro.

Mutumin kirki da sai ya ɗauka ya yi godiya ya fita. Nawa mijin sai ya gyara tsayuwa.

"Na gode, ranki ya daɗe. Amma labulen nan ya yi kusa da wutar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Mutumin da ya zo a sallame shi, ga shi yana kafa sharaɗi. Ya ce shi bai san addininsu ba, kuma ba zai yi musu shisshigi ba, tun da sun ce fitilar ba ta mutuwa to ba za ta ƙara mutuwa a hannunsa ba. Amma a matsar da labule, a sa farantin yashi a ƙarƙashinta, a ajiye bokitin yashi a bayan ƙofa. Sista Kaka ta share ido ta shiga ciniki da shi kamar a kasuwa. Ta yarda da labule, ta yarda da faranti in dai mai kyau ne, bokiti kuma ta ce sai dai a ɓoye shi bayan tukunyar fure. Suna fita tare suna gardama a kan girman farantin, Shugaba ta kalli fitilar teburinta, ta ga a kashe take. Babu wanda ya ga lokacin da ya yi.

Motar ba ta zo ba. Kayan da na ninke ƙanana na mayar mata da su ɗakinta da kaina.

Daga nan fitilar ta zama ta su biyu. Da la'asar za ka gan su sun nufi coci, ita a gaba da kwalbar mai, shi a baya da ɗan tsani, takalminsa yana bakin ƙofa. Ita ta koya masa yadda ake sake lagwani ba tare da wutar ta mutu ba: a ɗauke ta da siririn kyandir, a gyara, a mayar da ita. Da ƙafarta ta daina hawa tsani, shi ke hawa tana ƙasa tana ba da umarni. Wani abokinsa ya taɓa tsokanarsa a bakin masallaci, ya ce ya ji an ba shi muƙami a coci. Ya ce masa shi sallarsa tana nan inda take, wannan amana ce aka ba shi, kuma da ya bar wuta a hannun wanda bai san halinta ba gara ya tsaya a kanta da kansa. Sauran fitilun makarantar kuwa ba su samu sassauci ba ko kaɗan. Tsofaffin ɗalibai da suka zama manyan mutane, idan suka kawo 'ya'yansu, tun daga ƙofa suke tambaya ko Kashe-Wuta yana nan, wani ma ya ce har yau ba ya iya barin fanka tana juyawa a ofishinsa sai ya ji kamar ana tsaye a bayansa.

Ashe kuma akwai rana ɗaya a shekara, gab da bikin Ista, da su da kansu suke kashe fitilar. Suna kwashe komai daga bagadi, coci ya zauna babu ado na ɗan lokaci, sannan a kunna sabuwar wuta. Shekarar farko da ranar ta zo, Sista Kaka ta aiko a kira shi. Ya je da sauri yana zaton wani abu ya faru. Ya tarar da ita tsaye da sauran Sistoci, fuskarta ba alamar wasa.

"Yau ranarka ce," ta ce. "Duk makarantar nan babu wanda ya kai ka ƙwarewa. Bismillah."

Ya hau tsani ya hure ta da numfashi ɗaya, Sistoci suna danne dariya don ranar ba ta dariya ba ce. Ya dawo gida yana ta washe baki, ya ce ya daɗe bai ji daɗin aiki irin na yau ba. Tun daga nan ya zama nasa, duk shekara. Kunnawa kuwa ba ta taɓa bar wa kowa ba. Ko da hannunta ya koma rawa, sai dai a sauko mata da fitilar, ya tallafe mata gwiwar hannu, ta kunna da kanta.

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka, kanta garau, tana gyara min riƙon dutse har makon da ta kwanta. Ta rasu da damina, a ɗakinta, a kan gadonta, tagar a buɗe tana kallon itatuwanta. Ɗalibai da iyayensu suka cika harabar har bakin titi. Baban yara bai yi kuka a gaban mutane ba. Da la'asar ya ɗauki kwalbar mai da tsani ya tafi shi kaɗai, ya daɗe bai dawo ba.

Da ranar kashewar ta zagayo, wata matashiyar Sista da ta gaji aikin ta aiko a kira shi kamar yadda aka saba. Ina cikin cocin a lokacin, ina karɓar ƙyallayen da aka kwashe don wanki. Ya shigo ba takalmi, riƙe da tsohuwar fitilar ƙwai tamu, wadda muke ajiyewa don ranar da aka ɗauke wuta. Ya hau tsani ya tsaya. Mutumin da bai taɓa jinkirin kashe komai ba, ya tsaya yana kallon 'yar wutar nan har Sistar ta ɗaga kai. Sannan ya zaro siririn kyandir daga aljihu, ya ɗauki wutar, ya sauko, ya kunna tamu da ita. Sai da ya ga ta kama sosai ya koma ya hure jar.

Ya ratsa harabar makarantar da fitila a kunne, rana ba ta ma faɗi ba, yana kare ta da tafin hannu duk da gilashinta. Ya ajiye ta a kan teburinmu, a cikin farantin yashi.

Da duhu ya fara na kunna ta lantarki na kawo abinci. Zama da mutum ba wasa ba ne, bayan shekarun nan duk hannuna ya koyi halin nasa. Na ga fitila biyu suna ci a ɗaki ɗaya, ban san lokacin da na miƙa hannu zan murɗe lagwanin ba. Ya riƙe min wuyan hannu.

"Bar ta," ya ce. "Wadda Sista Kaka ta kunna bara ce. Ba ta mutu ba tun ranar."

Sai ya miƙa ɗaya hannun ya kashe ta lantarkin, muka ci abinci a haskenta.